Irin da baƙo ke kawowa garka

Jawabi a kan wiwi, domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na Sabon Gida da ƙauyukan kewaye. Malami ya karanta a hankali, sa'an nan a yi shawara a kai.



Maganar yau maganar iri ce. Manomin Sabon Gida ya san iri. Tun daga ƙwaya yake gane albasa mai kyau. Ba ya shuka abin da bai sani ba. Amma akwai wani iri da ba a kasa shi a fili cikin kasuwa. A aljihu yake tafiya, cikin ƙullin leda ko kwalin ashana. Sunansa wiwi. Waɗansu na ce masa ganye, waɗansu na ce masa tabar Iblis.

Mai kawo shi ba ya zuwa da faɗa. Da fara'a yake zuwa. Wani lokaci baƙo ne. Wani lokaci ɗan gari ne da ya komo daga bida. Yakan zaɓi lokacin da kuɗin albasa ya faɗi, manomi na cikin bashi. Sai ya ce: wannan iri na musamman ne, sunansa indika. Gajere ne, ba mai ganinsa. A sa shi a bakin garka, cikin rama. Kuɗinsa ya fi na albasa. Kuma ba ya cutar kowa, barci kawai yake sawa.

Wannan magana tana da daɗin ji. Shi ya sa ya kamata a kwance ta, a ga abin da ke ciki.

Daga ina ya fito?

Wiwi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa ƙasashen Asiya ne. A shekarar 1785 wani masanin tsirrai na Faransa mai suna Lamarck ya duba wanda aka kawo daga Indiya. Ya ga ya bambanta da wanda Turawa ke nomawa don igiya. Sai ya sa masa suna indika, wato ɗan Indiya. Daga baya sunan ya koma kan wani gajeren iri mai faɗin ganye, wanda ake nomawa cikin duwatsun Afganistan da Pakistan. Dogon kuwa, mai siririn ganye, ana ce masa satiba.

Ba duk abin da ya fito daga can ne mugu ba. Dogon yaro ma ɗan ƙasar Indiya ne. Tun 1975 aka fara dasa shi layi-layi cikin kwarin Maggiya, a ƙasar Buza, don ya tare iska. Gonaki suka huta. Ba wanda ya taɓa dasa dogon yaro da dare. Wiwi kuwa a ɓoye ake ba da shi, a ɓoye ake karɓa.

Masana tarihi da yawa sun ce shan wiwi ya yaɗu a Afirka ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945. Sojojin Najeriya da na Gana sun yi yaƙi a Bama, sun zauna Indiya. Su da ma'aikatan jiragen ruwa aka ce sun komo da shi. Abin ya yi yawa har gwamnatin Najeriya ta kafa masa doka mai tsanani a 1966. A 1989 ta buɗe hukumar yaƙi da ƙwayoyi mai suna NDLEA. Duk da haka ana noman shi a ɓoye cikin dazuzzukan kudu, a jihohin Ondo da Edo. Daga can yake hawowa arewa. Sabon Gida kuwa ba ta da nisa da iyakar jihar Sakkwato. Mai babur kan je ya komo a yini guda. Hanyar da shinkafa da mai ke bi, ita wiwi ke bi.

Yaya ake gane shi?

Wannan wuri yana da muhimmanci, don wiwi yana kama da rama. Mai gona na iya wucewa kusa da shi kullum bai sani ba. Yaro ko ɗan ƙwadago na iya sa shi a garkar wani. To, a lura.

Ƙwayar wiwi ƙarama ce, kamar ta dawa. Tana da santsi, launinta toka-toka, da ɗige-ɗige. Ƙwayar rama kuwa tana da kusurwa.

Ganyen rama guda ɗaya ne da aka tsattsaga, amma gindinsa a haɗe yake, kamar tafin hannu. Ganyen wiwi yatsu ne daban-daban, biyar, bakwai ko tara. Duk daga wuri ɗaya suke fitowa. Bakin kowane yatsa yana da haƙora kamar zarto. Yatsun indika sun fi faɗi, korensu ya fi duhu. Itacen ba ya tsawo sosai, yakan cunkushe kamar ƙaramin kurmi.

Babban bambanci yana ga fure. Furen rama babba ne, fari-fari ko rawaya, da ja a tsakiya, kamar na kuɓewa. Kowace mace mai miya ta san shi. Wiwi ba shi da irin wannan fure. Nasa ƙanana ne, kore, a dunƙule a kan reshe. Idan aka taɓa, yana danƙo a hannu. Sa'an nan ga wari. Rama ba ta da wari. Wiwi yana da wari mai ƙarfi, kuma yana ƙaruwa idan ya yi fure.

Wannan warin shi ne ke ƙaryata baƙo. Ya ce ba mai gani. Gaskiya ne indika gajere ne. Amma daga shuka zuwa fure yana cin watanni. Duk watannin nan yana tsaye cikin garka. A fadamar Tarka garkuna jere suke, shinge na jikin shinge. Masu ban ruwa na kai da kawowa tun asuba. Mata na zuwa tsinkar ganye. Yara na kora awaki. Makiyaya na wucewa. Abin da ido bai gani ba, hanci za ya ji. A ƙauye kuwa, abin da mutum uku suka sani, gari ya sani.

Me yake yi wa mai sha?

Ƙarfin wiwi yana cikin danƙon nan na furen macen itacen, don wiwi yana da mace da namiji, kamar dabino. Cikin danƙon akwai wani sinadari da likitoci ke kira THC. Masana biyu ne a ƙasar Isra'ila suka gano ainihinsa a 1964. Shi ne ke sa maye.

Idan mutum ya zuƙi hayaƙin, sinadarin na shiga huhu. Daga huhu ya shiga jini. Daga jini ya kai ƙwaƙwalwa. Duk wannan cikin mintoci kaɗan ne. Ido ya yi ja. Baki ya bushe. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Wani ya yi ta dariya ba dalili. Wani ya yi shiru kamar an ɗaure shi. Yunwa ta taso, mutum ya cinye tuwon mutum biyu. Lokaci ya rikice masa, abu kaɗan ya ga ya daɗe. Ana faɗa masa magana, kafin a rufe baki ya manta. Mayen yakan yi awa biyu ko uku. Nauyin kai da kasala sukan wuce haka.

Masu sayarwa na cewa indika na kwantar da jiki, satiba na sa kuzari. Masu bincike sun duba wannan magana, ba su same ta da tushe mai ƙarfi ba. Tun shekarun 1970 ake barbarar iri da iri a Amurka da Turai, har sun gauraye. Sunan da ke bakin mai sayarwa ba ya nuna abin da ke cikin ƙullin. Abin da ke da tabbas shi ne yawan THC. Shi kuwa ƙaruwa ya yi. A Amurka an auna wiwin da hukuma ta kama. A 1995 sinadarin kusan kashi 4 cikin 100 ne. A 2014 ya kai kusan kashi 12 cikin 100. Wato ya ninka sau uku. Saboda haka idan aka ce wa manomi iri ne na musamman, ma'anarsa ya fi bugarwa. Dattijon da ke cewa ya ga masu sha tun yana yaro kuma ba abin da ya same su, wataƙila gaskiyarsa ne. Amma ganyen da ya sani ba shi ne na yanzu ba.

A faɗi gaskiya, ba duk wanda ya sha sau ɗaya ne ke haukacewa ba. Idan aka gaya wa samari haka, za su yi dariya, don sun san waɗanda suka sha suna nan lafiya. Daga nan ba za su ƙara yarda da maganar manya ba. Gara a faɗa masu abin da likitoci suka tabbatar.

Cikin mutum 10 da suka fara sha, kusan 1 yakan kamu, ya kasa bari. Cikin waɗanda suka fara tun suna ƴan samari, kusan 1 cikin 6 ne. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Kamar dashen albasa ne. Abin da babba za ya jure, ɗanyen dashe ba za ya jure ba. Yaron da ke sha kullum, karatu na yi masa wuya. Na allo da na lakkol duk ɗaya. Abin da ya koya da safe ba ya kai maraice.

Sa'an nan akwai taɓin hankali. Wanda ke shan mai ƙarfi kullum ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa. Idan akwai mai irin wannan ciwo cikin dangi, haɗarin ya ƙaru. Yakan fara da zargi. Saurayi ya ce ana maganarsa. Ya ce an sa masa wani abu cikin fura. Ya ƙi barci. Ya ji muryoyin da ba wanda ke ji. Gida ya ce iska ce ko sammu. A sayar da akuya, a sayar da rago, a yi ta yawon magani. Ba wanda ya duba aljihunsa.

Ga kuma babur. Wiwi na rage saurin hannu da ido. Ɗan kabu-kabu da ya sha yana ganin ya fi kowa iya tuƙi. Amma tsakanin ganin rami da taka birki, lokaci ya riga ya wuce. Wanda ya ɗauko a baya, wataƙila mace ce mai goyo za ta awo. Samari da yawa kuma ba wiwi kaɗai suke sha ba. Suna haɗa shi da taramol, wai don ƙarfin aiki. Taramol da yawa na sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Haɗin biyun ya fi kowanne muni.

Hayaƙin na kawo tari da majina kamar na taba. Mace mai ciki da ke sha, jaririnta na iya zuwa da ƙarancin nauyi. Sinadarin yana shiga nono kuma.

An ce ana yin magani da shi

Waɗanda ke sauraren rediyo sun ji haka, kuma akwai gaskiya a ciki. A 2018 Amurka ta yarda da wani magani da aka tace daga itacen, don wata irin farfaɗiya mai tsanani ta yara. Wannan maganin ba ya sa maye, kuma likita ne ke auna shi. A watan Disamba na 2020 hukumar ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda cewa itacen na da amfanin magani, amma ta bar shi cikin jerin abubuwan da ake tsarewa. A 2021 Maroko ta ba waɗansu manoma na arewacin ƙasarta izinin noma shi don magani da masana'antu. Da takarda suke yi, hukuma na ƙidaya abin da suka girbe. Wannan dokar Maroko ce. Ba ta aiki a Madawa. Jandarma ba za ya karɓi labarin rediyo a matsayin takarda ba.

Maganar kuɗi da maganar doka

Kukan mai albasa kuka ne na gaskiya. Ya sayi iri, ya sayi taki, ya sayi man injin ban ruwa. Sau da yawa da bashi. Watan Maris da Afrilu kowa ya cire albasarsa lokaci guda. Kasuwa ta cika, buhu ya faɗi. Mai bashi na bakin ƙofa. Dole ya sayar da arha. Bayan watanni buhun ya hau, amma albasar na hannun wani. Wannan ciwo ne, ba wanda ke musu. A kan wannan ciwon mai wiwi ke sa yatsa.

To, a ce wani manomi ya yarda. Ya shuka. Wa za ya sayar wa? Albasar Galmi tana da masu saye har Abijan, Akara, Lome da Kwatano. Idan dillali ɗaya ya taya da arha, manomi na iya juya baya ya nemi wani. Wiwi mai saye ɗaya gare shi, wanda ya kawo irin. Abin da ya ce, shi ne kuɗin. Idan ya ɗauka bai biya ba, ina manomi za ya kai ƙara? Ba wurin maigari ba. Ba wurin sarki ba. Ba wurin alƙali ba. Daga ranar nan ma baƙon ya riƙe asirinsa. Baɗi idan manomi ya ce ya bari, sai a tuna masa da abin da aka sani.

Dokar Nijar a fili take. Doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ta hana noman wiwi, da ajiye shi, da ɗaukarsa, da sayar da shi, da shansa. Hukuncin noma ɗauri ne da tara. Shukar kuma a tumɓuke ta a ƙone. Akwai ofishi na musamman na ƴan sanda mai farautar masu fataucin ƙwayoyi, sunansa OCRTIS. Jandarma da ma'aikatan duwan su ma suna kamawa.

A watan Maris na 2021 wannan ofishi ya kama tan 17 na danƙon wiwi cikin wani ɗakin ajiya a Yamai. Tan 17 buhu 170 ke nan mai kilo ɗari-ɗari. Daga Labanan kayan suka taso, suka sauka tashar jiragen ruwa ta Lome, suna kan hanyar Libiya. Wannan ya nuna inda manyan kuɗin suke. Suna hannun masu manyan motoci da ɗakunan ajiya. Mai gindi goma a bayan shinge ba ya cikin rabon. Amma shi ne ya fi sauƙin kamu. Baƙo yana da babur, gobe yana wata ƙasa. Garka ba ta gudu. Kowa ya san mai ita, ya san ubansa.

Idan aka tafi da maigida, ban ruwa ya tsaya. Albasa ba ta jiran wanda ke kaso. Kwana kaɗan ba ruwa, aikin rani ya lalace. Bashi kuwa yana nan. Matarsa ce za ta riƙa bin hanyar Madawa da kwanon abinci. Sau da yawa ƙarshen abin jinginar da garkar ne.

Akwai wata asara da ba a lissafa ta da jikka. Abin da aka noma a gari, a gari ake fara shansa. Wanda ya fara ɗanɗanawa shi ne yaron da ke ban ruwa. Yaron nan kuwa ɗan mai garkar ne, ko ɗan ƙanensa. Malamai a masallatai sun sha faɗa cewa duk abin maye haramun ne, cinikinsa ma haka.

Maganin faɗuwar buhu yana cikin albasar kanta. Rudu mai kyau, wanda iska ke shiga, ruwa ba ya zuba, yana riƙe albasa har kuɗinta ya tashi. Albasar da aka rage wa ruwa kafin cira, aka bari ta bushe sosai, ta fi daɗewa ba ta ruɓe ba. Manoman da suka haɗa kai cikin ƙungiya sun fi mutum ɗaya ƙarfi gaban dillali. Malamin gona na nan don wannan. Tambayarsa ba a biya.

Idan an riga an gani fa?

Wanda ya ga baƙuwar shuka a gonarsa, kada ya yi shiru, kada kuma ya ɓoye. Ya kira maigari da shaidu biyu su gani a tsaye. Maigari ya sanar da hukuma. Wanda ya kai kansa da wanda aka kamo ba ɗaya ba ne. Mai ba da aron garka ko haya ya riƙa zagayawa da kansa, har bakin shinge da bayan rijiya. Wanda aka ba ƙulli ya kai wani gari, ya buɗe ya gani kafin ya ɗauka.

Uban da ya gane ɗansa na sha, duka ba ya raba shi da abin. Kora ma tana ƙara tura shi wurin abokan shan. Mari da sarƙa ba magani ba ne. A zaunar da shi. A nemi wanda yake jin nauyi, kawu ko malaminsa, ya yi masa magana. A kai shi gidan likita na Sabon Gida. A faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, tun yaushe, sau nawa a yini. Likita yana riƙe asiri. Idan abin ya fi ƙarfinsa, za ya tura su Madawa ko Tawa.

Mai bari yana shan wahala a farko, gara gida su sani tun da wuri. Barci na ƙaurace masa. Abinci ba ya masa daɗi. Fushi na zuwa da abu kaɗan. Yakan yi mugayen mafarkai. Kwanakin farko sun fi tsanani. Yawanci bayan mako biyu jiki na fara daidaita, ko da yake barci na iya ɗaukar lokaci fiye da haka. A cikin kwanakin nan kada a bar shi shi kaɗai da dare. A ba shi aikin hannu da rana. Kada a ba shi kuɗi a hannu, kada a aike shi kasuwa. Idan ya koma ya sha, a sake farawa daga ranar. Idan kuwa ya fara jin muryoyi, ko ya ce za ya cuci kansa ko wani, kada a jira ranar kasuwa. A nemi amalanke ko mota a kai shi likita a ranar.